Tsingaro Daga Ƙauyen Baba Ɗanjuma

Ina tsakiyar tuƙa tuwo na ji ana dukan bangon kicin ɗina da sanda. Bangon nan shi ya raba gidanmu da na Baba Ɗanjuma, kuma a benayen unguwar Hayyin Ashir, nan Alƙahira, bango suna ne kawai, don ko tari maƙwabci ya yi sai ka yi masa sannu. Baba ya saba bugawa idan yana son ruwan zafi ko yana neman wanda zai ja da magana, amma bugun ranar daban yake. Na rage wuta, na yafa mayafi, na fita ko takalmi ban tsaya nema ba.

A tsaye na same shi gaban talabijin, hannu ɗaya a kan sanda, ɗayan yana nuna gilashin. Tashar Jamusawa ce, wadda saboda ita ya sa aka juya masa dish. Ana nuna wani coci mai doguwar hasumiya, wata ƙatuwar katafila tana cizon gefensa, jan bulo yana zubowa. Mutane sun tsaya daga nesa cikin manyan rigunan sanyi, wata tsohuwa ta rufe bakinta da hannu.

"Zulfa, duba," ya ce. "Garinmu ne."

Ban tambaye shi wane gari ba. Duk wanda ya taɓa shan shayi a ɗakin nan ya san idan Baba Ɗanjuma ya ce garinmu, ba Haɗeja yake nufi ba, inda aka binne cibiyarsa. Selkwitz yake nufi, wani ɗan ƙauye a gabashin Jamus da ni kaina sai da na shekara ina cije harshe kafin na iya faɗin sunansa. Can aka tura shi yana saurayi ya koyo gyaran tarakta, zamanin da ƙasar take rabe biyu. Da ya dawo ya yi aikin gwamnati, daga baya aka kawo shi Alƙahira makanikin motocin ofishin jakadanci, ya yi ritaya, ya ƙi komawa gida. Bai da mata, bai da ɗa da muka sani. Mu da muke ƙofa da ƙofa da shi, ni da maigidana Malam Munir, mu ne danginsa, kuma ni ce mai kai masa kwano.

Tarihin ƙauyen nan kuwa mun sha shi har ya gundure mu. Baba ba ya ba da shi kamar mai labarin ƙasar waje. Yana jero shi ne kamar tsohon da ke ba da tarihin garin kakanninsa. Zai ce da farko fadama ce, babu kowa sai kwaɗi, har wasu manoma suka zo suka haƙa lambatu suka janye ruwan, suka kafa injin niƙa a bakin rafi. Sai annoba ta shigo ta cinye rabin mutane. Sai yaƙi, wanda a lokacinsa suka sauke ƙararrawar coci suka binne ta a gonar kabeji don kada sojoji su narka ta, kuma da yaƙin ya ƙare waɗanda suka binne ta duk sun mutu, aka yi ta haƙe gonar har wani bawan Allah ya ci karo da ita da garma. Jirgin ƙasa ya zo ya ratsa ta maƙwabcin gari ya bar su, abin da Baba bai yafe ba har yau kamar shi aka yi wa. Bayan babban yaƙi mai gonakin ya gudu, gwamnati ta haɗe gonaki wuri ɗaya, aka kawo lantarki, aka gina makaranta da garejin tarakta. Idan ya iso garejin nan sai ya gyara zama, don a nan shi ma ya shiga tarihi.

Malam yakan tsokane shi ya ce, Baba, da ka haddace Ishiriniya kamar yadda ka haddace garin Nasara da yanzu kai ake gayyata maulidi. Ni kuwa nakan ce masa ya bari mu ji na Haɗeja ko sau ɗaya. Sai ya yi dariya ya ce Haɗeja tana da masu ba da labarinta, wannan kuwa ba shi da kowa sai shi. Mun san akwai kwal a ƙarƙashin ƙauyen, don ya sha faɗa mana ana jin ƙarar injinan haƙa daga nesa idan iska ta juyo. Ba mu taɓa kawo cewa ramin zai iso ba.

Ranar ya iso. Baba ya fassara mini abin da mai labarai ke cewa: an kwashe mutanen an kai su sabon matsuguni, za a share gidaje da gonaki a haƙi kwal, har matattu ma an tone an kai sabuwar maƙabarta. Na ce to ai da sauƙi tun da ba a bar kowa ba, Allah ya sa hakan ne mafi alheri, ya zauna kada ya faɗi. Ya zauna a bakin gado, ya ɗora haɓa a kan sanda.

"Masu dutse za su kwashe," ya ce. "Ita ba ta da dutse."

"Wa, Baba?"

"Yarinyar."

Tuwona ya ƙone ranar, ban kuma damu ba. Na zauna a kan tabarma ya ba ni sashen tarihin da bai taɓa sa wa cikin tarihin ba. Akwai wata 'yar ƙauyen, Marta, mai aikin tatsar shanu a gonar haɗin gwiwa. Wani ɗalibi Balarabe ne ya ɗaura musu aure a ɗakin kwanan ɗalibai da shaidu, auren da hukuma ba ta san da zamansa ba. Suka haifi 'ya mace, ya sa mata sunan mahaifiyarsa. Ba ta kai ga yin rarrafe ba sanyi ya kama mata ƙirji, ta koma.

Mutanen gari sun yi masa kara. Sun ba shi wuri a gefen maƙabartarsu, kusa da wata bishiyar tuffa, sun bar shi ya yi mata wanka da salla, ya kwantar da ita tana fuskantar alƙibla. Rigimar a kan dutse ta tashi. Can kowane kabari da dutsensa da suna da shekara, Marta kuwa ta ce 'yarta ba za ta kwanta kamar wadda ba ta da kowa ba. Shi ya ƙeƙasa ƙasa. Mu ba ma rubuta suna a kan kabari, wannan ɗaya. Na biyu, 'yar fari ce, kuma sunan uwarsa gare ta, sunan da bai taɓa kamawa da bakinsa ba. Yaya za a sassaƙa shi a dutse kowane mai wucewa ya karanta? Ya ɗauki wata tukunyar ƙasa da suke jiƙa kabeji mai tsami a ciki, ya fasa, ya kafa tsingaro wajen kai da wajen ƙafa, kamar yadda ya ga ana yi a gida. Marta ta yi wata ba ta yi masa magana ba. Kafin su gama shiryawa wa'adinsa ya cika, aka sa shi a jirgi, ita kuma ba a barin su fita. Daga baya ya ji ta yi aure. Da bangon da ya raba ƙasar ya faɗi ya nemi biza bai samu ba, kuma ya ce ko da ya samu, da wace fuska zai ƙwanƙwasa ƙofar matar wani?

"Ni na hana a sa mata alama," ya ce. "Yanzu direban katafila zai ga ciyawa da fasasshiyar tukunya. Me zai tsaya yi?"

Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Na ji haushin taurin kan maza, wanda sai an shekara talatin yake fara yi musu ciwo. Amma tausayinsa ya fi haushin yawa, don mutumin da ke gabana ya tsufa a cikin awa guda.

Washegari na ce ya sa riga mu je wajen Hamad. Hamad Bahaushen Sudan ne, kakanninsa suka tsaya a hanyar Makka, yana da shagon buga waya a bakin titin da ƙananan bas ke tsayawa. Baba ya ce ba shi da lambar kowa, gidajen ma an rushe. Na ce ai sabon garin yana da suna, kuma inda aka kai coci akwai fasto. Hamad ya yi ta bugawa yana tambaya da guntun Turancinsa, daga wannan ofis a tura shi wancan, har aka ba shi wata lamba. Ya miƙa wa Baba kan wayar ya ce, "Yalla ya Hajj, ga su nan."

Akwatin wayar bai da ƙofar kirki, ina tsaye a bakinsa ina riƙe da sandar. Ban taɓa jin Baba yana Jamusanci da wani ba sai ranar. Muryarsa ta canza, ta miƙe, kamar wanda ya cire shekaru ya rataye. Mace ce faston, sabuwa, ba ta san shi ba. Yana ta bayani, sai na ji ya tsaya cak. Matar tana ta maimaita wata tambaya, ina jiyo ta daga kan wayar. Ya rufe bakin wayar da tafin hannu ya dube ni.

"Sunan yarinyar take so."

"To ka faɗa mata, Baba."

"Sunan tsohuwa ne."

"Ka faɗa mini ni in faɗa."

Ya girgiza kai. Ko ni ɗin ai sai ya furta zan ji. Hamad ya sunkuyar da kai yana gyara wasu wayoyi da ba su lalace ba. Na ga gumi yana bin wuyan Baba duk da sanyin da ake yi. Ya cire hannunsa daga kan wayar, ya juya mana baya, ya fuskanci bango kamar yaron da aka kama da laifi, ya ce, "Fatuma." Sai ya sake faɗa a hankali don matar ta rubuta.

Abin da faston ta ce bai da daɗi. Ta ce waɗanda ke cikin rajista da masu dutse an kwashe su tun bazara, wannan sunan ba ta gan shi ba, amma za ta tambayi tsofaffi. Baba ya ba ta lambar shagon Hamad da kwatancen gidanmu. Da muka dawo muka zo matakala ya ce in riƙe shi, ƙafar ba ta jin magana.

Daga nan ya kwanta. Dama yana da ciwon suga da na zuciya, amma da yana faɗa da su. Yanzu ya sakar musu. Malam ya kai shi asibiti, suka ƙara magani suka sallamo shi. Na yi masa kunun gyaɗa, na yi farfesu, na aika har unguwar Darrasa aka nemo mini daddawa wajen ɗalibai masu dawowa daga gida, duk sai ya taɓa ya ture. Talabijin ya sa na rufe da zane. Kullum da hantsi in na shigo, kafin in ajiye kwano zai tambaya ko Hamad ya aiko. Na gaji da cewa a'a har na fara aika kwanon ta hannun Malam, abin da na ji kunyarsa daga baya na daina.

Na gwada yi masa wa'azi irin namu na mata. Na ce jariri ɗan aljanna ne, ƙasa duk ta Allah ce, ko an tone ko ba a tone ba ita tana inda take. Ya ce ya sani, ya fi ni sani. Ya ce ba don ita ba ne, don shi ne: uba ɗaya gare ta, abu ɗaya ya taɓa yi mata da hannunsa, kuma shi ne ya ɓatar da ita. Na ƙyale shi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ya daina tarihin. Wata rana da la'asar na zauna ina tsince masa shinkafar da na san ba zai ci ba, na ce Baba, wai ƙararrawar nan da aka binne a gonar kabeji, wa ma ya tono ta? Ni da na sha toshe kunne, ni ce yau nake roƙo. Ya dube ni ya yi ɗan murmushi, ya gane wayona. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, 'yata. Garin da babu shi ba shi da tarihi."

Sanyi ya wuce, zafi ya fara leƙowa. Mun riga mun cire rai. Ran wata Talata da azahar ina shanya a baranda na hango tasi ta tsaya a ƙofar benenmu, Hamad ya fito daga gaba yana ɗaga mini hannu. Daga baya wata Baturiya ta fito, tsohuwa, gajera, kakkaura, da farin gashi an yanke shi kamar na maza, da takalmi irin na masu aikin gona. Ta rungume jaka a ƙirji. Yaran layi suka taru, don ba a saba ganin masu yawon buɗe ido a Hayyin Ashir ba, babu dala a nan sai shara da kwalabe. Ta biyo ayarin masu zuwa kallon dala ne ta zame, ta nuna wa direba lambar shagon Hamad da faston ta ba ta.

Ban tsaya tambaya ba. Na ruga na gyara wa Baba hula, na goge masa fuska, na ce ya yi baƙuwa. Ta hau matakalar tana haki, ta tsaya a bakin ƙofa. Suka dubi juna. Na zaci za a yi kuka ko a rungume kamar yadda Turawa ke yi a fim, amma babu ko ɗaya. Ta dubi ɗakin, ta dubi kwalaben magani, ta dube shi, sai ta buɗe baki ta ce da Hausa, wata irin Hausa da ta yi tsatsa, "Sannu, Ɗanjuma."

"Yauwa, Marta," ya ce. "Sannu da hanya."

Na ba ta kujera, na kawo ruwa, na juya zan fita. Baba ya ce in zauna, ni ce na kai shi wajen waya, da ni za a ji. Haka aka yi zancen, tana faɗa yana juya mini guntu-guntu, yana hutawa tsakani.

Ba ta fara da abin da yake jira ba, kuma shi bai katse ta ba. Sai da ta ɗora masa tarihin daga inda ya tsaya. Bayan haɗewar ƙasar an rufe gonar haɗin gwiwa, aka sayar da shanu, garejin tarakta ya zama wurin ajiye tayoyi. Samari suka tafi yamma neman aiki, makaranta ta rasa yara aka kulle, bas ya rage zuwa. Mijinta ya mutu. Sannan mutanen kamfani suka zo da taswira, aka yi taro a coci, aka yi ihu, aka rubuta ƙorafi, daga ƙarshe kowa ya sa hannu. Sabon garin tituna a miƙe, gidaje masu ɗumi, babu rafi, babu bishiyar da ta fi mutum tsawo. Ƙararrawar dai sun tafi da ita. Da ta zo nan na ga Baba ya gyaɗa kai, leɓensa yana motsi, yana ajiye kowane abu a gurbinsa.

Sai ta buɗe jaka ta fito da wani abu a naɗe da tawul, ta ɗora masa a cinya. Tsingaro ne, bai kai tafin hannu ba, ruwan toka da shuɗin zane, gefensa ya yi baƙi da daɗewa a ƙasa.

Ta ce tun ranar da ya tafi kabarin bai kwana da ƙishi ba. Can al'adarsu ce a shuka furanni a kan kabari a riƙa ba su ruwa, kuma tsofaffin matan gari, waɗanda suka fi kowa zagin fasasshiyar tukunyar da farko, su ne suka riƙa zuba masa ragowar ruwan butocinsu idan sun gama da nasu. Kowa ya san wurin, kabarin tukunya suke ce masa. Ranar da masu tono suka zo da takardarsu babu sunan a ciki, ita da wasu mata biyu suka ɗauko kujeru suka zauna a kansa tun safe, suka ce sai dai a haƙa da su. Aka tona. Ba a samu wani abu mai yawa ba, jaririya ce kuma an daɗe, amma abin da aka samu da ƙasar da ke kewaye duk an sa a ƙaramin akwati an tafi da shi.

Baba ya rufe ido. Hannunsa yana kan tsingaron yana shafawa. Can ya yi wata tambaya, ita kuma ta amsa da ɗan faɗa-faɗa, har da buga cinya.

"Na tambaye ta ina aka fuskantar da ita," ya ce mini. "Ta ce da bishiyar tuffa take ganewa, sabon wurin kuwa babu bishiya. Sai ta shiga bas ta je birni wajen wani Baturke mai gasa nama, ta taso shi daga shagonsa ya zo ya nuna musu gabas. Wai in daina raina mata hankali."

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari, na ba shi ruwa. Marta ta jira ya lafa, sannan ta gyara zama, ta dube shi ido cikin ido ta faɗi wata magana gajera. Wannan bai juya mini da wuri ba.

"Ta ce ta sa dutse. Da sunan."

Tsohuwar nan ta ɗaga haɓa, a shirye take ta ƙarasa faɗan da suka bari tun suna yara. Baba ya daɗe yana kallon silin.

"Gaya mata..." ya fara, sai ya tuna ba ni ce mai Jamusancin ba. Ya juya ya gaya mata da kansa. Ban san me ya ce ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ga haɓar ta sauko, ta kamo hannunsa da hannayenta biyu masu kaushi, ni kuma na tashi na tafi duba tukunyar da ban ɗora ba.

Ranar ya ci tuwo, loma kaɗan, amma ya ci. Ya sa na cire zanen da ke kan talabijin. Marta ta bar ayarinta da dalarsu, kullum da safe tasi ta kawo ta, ta zauna gefen gado suna magana ƙasa-ƙasa. Ni da ita da hannu muke zance. Ta koya mini yadda ake juya majinyaci ba a ji masa ciwo ba, ni na koya mata cin tuwo da hannu, ta ɓata riga. Har na fara cewa Malam jikin Baba da sauƙi. Malam ya dube ni kawai.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baba ya cika. Malam yana gefensa yana laƙƙana masa kalmar shahada, ya karɓa sarai. Ni ina bakin ƙofa, Marta tana riƙe da ƙafarsa. Babu wani tashin hankali, numfashin ne ya yi ta nisa da juna har wani bai zo ba. Na yi kuka sosai, fiye da yadda na yi zato, don sai a lokacin na gane bugun bangon nan ya zame mini abin jira.

Maza suka yi abin da ya kamata. Ɗalibai daga Darrasa suka zo, da tsofaffin abokan aikinsa, da Hausawan Sudan da Hamad ya tattaro. Aka kai shi maƙabartar sadaka a bayan gari, inda ake kai baƙi. Kabarin Masar ba irin namu ba ne. Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, a buɗe a shigar da mutum kusa da waɗanda suka riga shi, a rufe bakin a tura yashi. Babu suna, babu alama. Da Malam ya dawo yana ba ni labari na ce a raina, to Baba, ka samu yadda kake so.

Marta ta yi zaman makoki tare da mu a kan tabarma, na ɗaura mata ɗankwali, mata suna shigowa suna yi mata gaisuwa tana amsawa da sannu, kalmar da take da ita ke nan. Ana gobe jirginta zai tashi ina kwashe kayan gadon na ga tsingaron a ƙarƙashin matashi. Na kai mata, don nata ne. Ta karɓa ta juya shi, sai ta nuna taga, ta nuna ƙasa, ta ɗaga gira tana tambaya. Na gane. A gida ban taɓa taka maƙabarta ba, amma nan matan Masar suna zuwa, kuma ko ba sa zuwa ranar da na je.

Malam ya raka mu da safe. Wuri ne fetal, layi-layin ƙananan gine-gine masu launin yashi, babu ko ciyawa. Mai gadi ya nuna mana bakin da aka rufe, yashin wurin bai gama kwanciya ba. Malam ya yi addu'a muka shafa, ita ma ta dube mu ta shafa. Sannan ta dafa kafaɗata ta durƙusa da kyar, gwiwoyinta suna ƙara. Ta tambayi Malam da hannu ina kai yake, ya nuna mata. Ta tona yashin da yatsu, ta kafa tsingaron, ta danna gefe da gefe har ya tsaya.

Ba ta tashi ba. Ta miƙo mini hannu tana nuna gorar ruwan da na riƙo saboda zafi. Na buɗe na ba ta. Ta zuba a hankali, tana kewaya tsingaron kamar mai ba shuka ruwa, har gorar ta ƙare. Yashin ya shanye nan take. Shuɗin zanen ya fito fes yana ƙyalli, muka tsaya mu uku muna kallonsa har rana ta busar da shi.